Wutsiyar Saƙon Inna

Ni na saya wa Inna wayar. Gara in fara da wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso, kuma ba na son a ɗora wa kowa. Wata Juma'a bayan sallar layya na kai mata ita Tamawa a cikin kwalinta, ina ta rawar kai kamar wadda ta kawo mata kujerar Makka. Ta juya ta gaba da baya, ta goge gilashin da gefen zaninta, sannan ta miƙo mini. Ta ce tata tsohuwar ta ishe ta, wannan ko wurin dannawa ba ta da shi.

Ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma. Can nake aure, can yarana uku suke. Inna kuwa tana Tamawa, a gidan da aka haife mu, tare da ƙanena da matarsa. Shi ya gaji makarantar allon mahaifinmu bayan rasuwarsa, ya haɗa da gona. Tsakaninmu ba wata tafiya ba ce, in mutum ya fito da hantsi, kafin azahar ya isa har ya sha ruwa ya huta. Na faɗi haka ne saboda daga baya na riƙa gaya wa mutane wai hanya ce ta hana ni zuwa. Gaskiya ne a shekarun nan hanyar ba ta da daɗi, akwai ranakun da direbobi ma sai sun tambayi juna kafin su tashi. Amma masu ɗaukar tumatur daga Makera ba su fasa bin ta ba, ni ma da na so da na bi.

Ni ce 'yar farinta, ita kuma ta tsohon yayi ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarama "ke" ce ni, ko "waccan". Da na yi aure sai na koma "mutanen Dutsin-Ma", ni ɗaya tal amma a jam'i. In na kwanta ciwo kakata ce ke zama a kaina, Inna kuwa sai ta dama kunu ta ba wani ya kawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa kaji faɗan da ba su ci ba ba su sha ba. Ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Da na yi karatu na fara jin kaina, na taɓa ce mata wannan al'ada ta tsufa, ai ɗa ɗa ne. Ta dube ni ta ce, "To, an ji. Tashi ki ɗauke mani tukunyar can."

Ta daɗe da hawan jini. Malamin asibiti a Kurfi ya ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya, tana ajiye su a wani gwangwanin alewa a kan taga. Ni ke sayen maganin in aika, kuma da wannan nake cika baki a cikin dangi. Dalilin wayar ma ke nan, in riƙa jin lafiyarta kullum ba sai na jira wani ya zo daga gida ba.

Ba ta karatun boko, saboda haka saƙon murya na koya mata. Na ce, "Ki ɗora yatsa nan, ki danne, ki yi maganarki. In kin gama ki ɗaga." Dannawa da magana ba su ba ta wuya ba. Ɗaga yatsan ne har ta koma ga Allah ba ta riƙe ba.

Kowace safiya, in ta idar da lazimi ta saki awaki, sai saƙonta ya shigo. Kusan kullum iri ɗaya ne.

"Salamu alaikum, mutanen Dutsin-Ma. Kun tashi lahiya? Ina gajiya? Ya maigidan? Ya babban? Ya mai bi mashi? Ya 'yar autar, ta bar kukan makaranta? Ya maƙwabta? Ya matar nan mai ƙosai da ta ba ni kujera? Ya aiki? To madalla. Mu ma nan lahiya lau. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. A gaida kowa da kowa. Sai an jima."

A rubuce gajere ne, amma a bakin Inna tafiya ce. Bayan kowace tambaya sai ta yi shiru, ta bar wa amsa wuri, kamar ina durƙushe a gabanta. In ta kai "sai an jima" kuma sai ta manta da yatsanta a kan gilashi, wayar ta ci gaba da ɗauka. Sai ka ji zakara, ka ji matar ƙanena tana daka, ka ji Inna tana ce wa akuya ba ta da mutunci. Wannan ɓangaren muka sa wa suna wutsiya. Da farko yarana har rigima suke yi a kunna musu wutsiya, mu zauna mu yi ta dariya. Bayan wata biyu kowa ya gaji, ni ma na gaji, da na ji "sai an jima" sai in tsayar.

Wata rana a ofishin malamai wata abokiyar aikina ta same ni na kara waya a kunne na yi tsit. Ta ce, "Malama, har yanzu zama kike kina jin saƙo kamar mai sauraron tafsiri?" Ta nuna mini wani ɗan wuri a gefen saƙon. In ka taɓa sau ɗaya muryar ta ƙara sauri, in ka sake taɓawa ta kwasa da gudu. Na gwada a kan Inna. Muryarta ta koma siririya, tana zuba kamar 'yar talla da hadari ya taso mata, shirun nan da take bari duk ya ɓace. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar haka nake jin ta. In na tsinci "da sauƙi" a cikin gudun sai hankalina ya kwanta, in danna in ce, "Lafiya lau Inna, Allah ya ƙara sauƙi, ina aji." Kusan kullum da "ina aji" nake rufewa, ko da kuwa ina zaune ne ina cin gyaɗa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ni ba baƙuwar "da sauƙi" ba ce. Ina 'yar shekara goma Inna ke riƙe hannuna mu tafi dubiya, ni da kwanon kunu a ka. Za mu shiga ɗakin mara lafiya ta ce, "Ya jiki?" a ce, "Da sauƙi." Ko mutum yana shure-shuren mutuwa abin da za a ce ke nan, domin a wurinmu faɗin akasin haka kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Inna ba ta damu da amsar ba. Idonta na kan ƙafafu ko sun kumbura, yana kan kwanon abinci ko an taɓa, tana kallon yadda mutum ke ɗaga kofi. Na tuna wata rana mun fito daga gidan wata tsohuwa da ta yi ta mana fara'a tana cewa ta warke. Muna shan kwana Inna ta ce, "Gobe da sassafe a kai ta Kurfi, ko mazan gidan sun so ko ba su so ba." Na ce ai ta ce da sauƙi. Ta ce, "Baki aka tambaya, baki ya amsa. Ke ba ki ga hannunta ba?" Mahaifinmu ma haka yake, ya sha rufe karatu ya taka har wani ƙauye don ya ga abokinsa mara lafiya da idonsa, ya dawo da la'asar ƙafa duk ƙura.

A gidan da na tashi ke nan. Amma da waya ta shigo, zuwana Tamawa ya tashi daga mako biyu-biyu ya koma wata-wata, daga nan ya koma sai da dalili. In maigidana ya ce kwana biyu ban leƙa gida ba, sai in ce me zan je in gani, ga shi kullum muna gaisawa.

Muna da guruf na dangi a waya. Rabinsa sanarwar suna da biki, rabinsa magani. Wani kawunmu da ya yi ritaya ba abin da ke wuce shi, yau lemon tsami na narkar da kitse, gobe kada a sha ruwan sanyi bayan an ci kaza. Ni ce mai tsawatarwa. Na sha rubuta musu cewa a ji tsoron Allah a daina tura abin da ba a bincika ba, har wasu suka sa mini suna Hedimasta. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin damina wani saƙon murya ya shigo guruf ɗin, an rubuta a ƙasansa cewa na masu hawan jini ne. Dogo ne, ya haura minti goma. Na kunna a guje kamar yadda na saba. Wani mutum ne mai sanyin murya, ya buɗe da bisimilla da salati, ya ce shi likita ne, bai faɗi ko na ina ba. Ya ce a rage gishiri da kanwa, a rage mai, a riƙa ɗan tattaki, a sha zoɓo ba sukari, a ci tafarnuwa. Na yi shekaru ina fama da Inna a kan gishiri, in na yi magana ta ce miyata kamar ta gidan makoki. Sai na ce yawwa, ga namiji kuma likita, bari ya gaya mata. Aka kaɗa ƙararrawar shiga aji ban kai ko sulusinsa ba. Na tura mata shi kai tsaye, na bi shi da nawa saƙon. Na ce, "Inna, ki saurari wannan da kyau, ki yi aiki da shi."

Washegari a cikin gaisuwarta ta ƙara magana ɗaya. "Mun ji saƙon likita, mun gode. Za a yi yadda aka ce." Ranar har labari na ba abokan aiki, na ce yau na ci Inna da yaƙi.

Damina ta wuce, kaka ta shigo, ana ta roron wake. Na aika magani sau biyu ta hannun wani direba, aka ce ya isa. Wata Talata saƙonta ya shigo ina tsaye a filin makaranta yara na layi. Na kara a kunne, ta zuba a guje, na tsinci "da sauƙi", na tsayar, na ba da amsar da na saba. Laraba ba ta aiko ba. Na lura, na ce halan caji ne ya ƙare. Kuma tun da na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, har wani ɗan sakayau na ji, kamar an rage mini aiki ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi ƙanena ya kira. Shi ba mai kira ba ne, saboda haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba.

"Yaya, ki taho Kurfi yanzu. Inna ta hwaɗi wurin alwala. Muna asibiti."

Ban san yadda na bar ajin ba. Hanyar nan da nake cewa ba ta biyuwa, ban ko tuna da ita ba sai da na gan ni a Kurfi.

Na same ta a kan gado, an sa mata ƙarin ruwa. Bakinta ya karkace, ɓarin hagu duk ya saki. Idonta biyu, ta dube ni, sannan ta kawar da kai gefe kamar yadda ta saba in na shigo ɗaki. Malamin asibitin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kira mu gefe, ni da ƙanena da matarsa. Ya ce jinin ya hau ƙwarai, shi ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Sannan ya tambaya, "Yaushe ta bar shan maganinta?"

Na karɓe zancen da ƙarfina. Na ce ba ta taɓa bari ba, ni ke saye da hannuna, ko fashin wata ɗaya ba a yi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dubi matar ƙanena. Ta sunkuyar da kai. Ta sa hannu cikin hijabi ta fito da gwangwanin alewar nan ta buɗe. Cike yake, har da waɗanda na aika ba a ko ɓare su ba.

"Tun da saƙon nan ya zo, Yaya," in ji ta.

"Wane saƙo?"

"Na likitan da kika turo."

Na fita na zauna a gindin wata bishiyar bedi a harabar asibitin, na nemo saƙon, na kunna shi a yadda mutumin ya yi magana. Gishiri, kanwa, zoɓo, tafarnuwa, duk na wuce su. Daga daidai inda na tsaya a wancan karon sai zancen ya juya. Ya ce ƙwayar asibiti ba ta warkarwa, sai dai ta cinye ƙoda ta mai da mutum bawanta. Ya ce duk wanda ya fara wannan haɗin ya ajiye ƙwaya gaba ɗaya, domin ba a haɗa su. Ya rufe da cewa a tura wa 'yan uwa don neman lada. Har ya gama muryarsa ba ta tashi ba, a natse yake kamar mai ba da haƙuri.

Na koma ciki raina a ɓace, kuma da yake ba ni da ƙarfin halin fuskantar kaina, sai na sauke a kan matar ƙanena. Na ce tana gida ɗaya da tsohuwa, tana kallo ta bar magani wata da watanni, ba ta iya ɗaga waya ta gaya mini ba? Yarinya ce mai haƙuri, ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Ranar ma a hankali ta yi.

"Na yi mata magana sau ɗaya. Ta ce ke kika yi boko, ba ki turo abin da ba ki bincika ba. To ni mi zan ce, surukata ce. Kuma na ga kullum kuna magana." Ta share ido da bakin hijabi. "In ta aika maki sai ta jira, ta miƙo mani wayar ta ce, duba mani, ta ji? In ce ta ji, ga alamar nan ta yi shuɗi. Sai ta ce, to shi ke nan."

Alamar nan ko daƙiƙa biyu ka saurara sai ta yi shuɗi. Ni na sani, Inna ba ta sani ba.

Malamin ya sake tambaya ko an ga wata alama kafin faɗuwar. Matar ƙanena ta ce tun Litinin harshenta ya yi nauyi, abu na suɓuce mata a hannu, amma ta ce haƙori ne da sanyin kaka, kuma da sauƙi. Ƙanena yana gona tun asuba sai magariba, in ya shigo gaishe ta a duhun ɗaki yake samun ta. Malamin ya ce, "Da tun Litinin ɗin nan kuka kawo ta," sai ya rufe katin ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Kwana uku ta yi a gadon ba ta ce uffan ba. Matan Tamawa suka yi ta zuwa dubiya, a kan mashin, a bayan motar wake, wasu da kwanon kunun da ba mai sha. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya mai jiki?" Ni kuwa ina zaune a gefen gado ina jin bakina yana cewa, "Da sauƙi." Ina ganin idanunsu suna bin hannunta, suna bin ƙafarta, suna fita suna girgiza kai. Ranar Lahadi bayan la'asar ta cika, ina riƙe da hannun nan na hagu da ba ya jin an riƙe shi.

Bayan addu'ar bakwai na samu ƙanena a zaure na gaya masa komai, har da cewa ban saurari saƙon ba na tura. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Yaya, kwana ne ya ƙare. Ko ba wannan ba, da wani sanadin." Na yarda da haka, ban taɓa shakka ba. Amma yarda da ƙaddara bai hana ni sanin cewa da yatsana na tura ba. Na fita daga guruf ɗin dangi ba tare da na ce wa kowa komai ba. Kawu ya aiko a tambaye ni ko an yi mini laifi, na ce babu. Ban ga da wane baki zan ce masa ya daina ba.

Wurin hirarmu da Inna a wayata kuwa ban sake buɗe shi ba. In ina neman wani abu na ga zan bi ta kansa sai in yi sauri in wuce, kamar yadda muke yi da muna yara in za mu gifta maƙabarta. Amma kowace safiya, daidai lokacin da take sakin awaki, sai in ji hannuna ya kai kan waya da kansa.

An yi arba'in da 'yan kwanaki, wata Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, yara sun tafi Islamiyya, wayar ta nuna mini ta cika, sai na goge wasu abubuwa. Ta jero mini masu nauyin, na farko a cikinsu saƙonnin Inna. Na goge hannuna a zani na buɗe. Na ƙarshe shi ne na ranar Talatar nan. Minti bakwai ne da wani abu, ɗigon da ke nuna inda na tsaya bai kai rabi ba. Ɗan wurin saurin yana nan a yadda na bar shi, a kan gudu. Na taɓa shi ya dawo daidai, na mai da ɗigon farko.

Rabona da jin muryarta ta gaskiya ya fi shekara. Na ma manta tana da kauri haka. Amma ba wannan ne ya sa na zauna a kan bokiti ba. Tun daga sallama harshen ke ja, kalmomin suna fitowa da ƙyar kamar mai magana da tuwo a baki. Ta tambayi babban, ta yi shiru, ta sake tambayar babban. 'Yar autar da ba ta taɓa tsallakewa ba, ranar ba ta ambace ta ba. Da ta zo kan "da sauƙi" sai da ta ɗauke shi sau biyu kafin ya fita. Ko 'yar shekara goman nan mai ɗauke da kwanon kunu, da ta ji wannan da ta san a nemi mota. Gudun ne ya haɗiye shi duka, ya miƙe mata harshe, ya ba ni lafiyayyar tsohuwa mai zuba kamar 'yar talla.

Ta ce, "Sai an jima." Yatsana ya tafi zai tsayar, don ya saba. Na janye shi.

Zakara ya yi cara. Can nesa ana daka. Na ji motsin tabarma, na ji ta ja wani abu a ƙasa. Sai ƙarar kofin silba ya faɗi, ya yi ta gangarawa har ya daki bango. Shiru. Ina jin numfashinta kusa da wayar.

"Kai, hannun nan," in ji ta.

Ta sake yunƙurawa, na ji kofin ya ɗan motsa ya sake faɗuwa. Ta yi salati a hankali. Daga nan shirun ya yi tsawo har na duba ko saƙon ya ƙare, na ga da saura.

Sai ta ambaci sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda mahaifina ya raɗa mini. Ba da ƙarfi ba, ba irin kiran da ake yi wa na nesa ba, a hankali ta faɗe shi da harshen nan mai nauyi, ita kaɗai a ɗakinta, ba ta san yatsanta na kan gilashi ba. Ta ɗan jira, irin jiran da take yi bayan kowace tambaya. Ta sake faɗa.

Sannan ta ce, "A'a. Tana aji."

A nan saƙon ya yanke.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a kan bokitin nan ba. Ruwan wankin ya huce, kumfar ta kwanta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ita, kuka mai haɗe da jin kunya, domin ranar Talatar nan da wannan saƙo ya shigo ba na aji. Ina tsaye ne a fili ina kallon yara suna layi, kuma minti huɗun da suka rage ina da su.

Ban goge ko ɗaya ba. Hotunan biki na goge, da na suna, da duk tarkacen guruf. Na koma baya na bi saƙonninta ɗaya bayan ɗaya, kowanne har ƙarshen wutsiyarsa, ya ɗauke ni makonni. Akuya ce, da turmi, da kaji. Sunana bai sake fitowa a ko'ina ba, sau biyun nan ne kawai.

Wayarta tana wurina yanzu, ƙanena ya kawo mini ita a cikin kwalinta, a kashe. Na san wannan sarai, ni na sa ta a ƙasan akwati. Duk da haka wata safiya, bayan yara sun fita, na buɗe wurin hirarmu na ɗora yatsa na danne. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa samun damar amsa mata kiran suna ba. Na ce, "Na'am, Inna." Sai na rasa abin da zan ƙara, na zauna da yatsana a kan gilashi, wayar tana ta ɗaukar kukan tattabarun maƙwabta, har na tuna na ɗaga.

Saƙon ya tafi. Nakan duba shi da safe kafin in fita aiki. Har yau alamar ba ta yi shuɗi ba.